Zaren da Kika Ajiye

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinki.

Inna, ni ne ɗan farinki, ba ki taɓa kama sunana ba. "Ɗan nan" kike cewa, har ranar da na gama karatun likitan ƙwaƙwalwa, 'yan lungunmu na Ƙofar Mata suna tsokanata wai likitan mahaukata ya dawo. Ko kallona ba ki yi ba, amma tuwon ranar ya sha man shanu.

Da Baba ya rasu kika fita takaba, sai kika ajiye zare. Ke da marina ke zarya a soro suna jiran ƙullinki, farin yadi ya yi wata uku a bakin gado ba ki waiwaye shi ba. Abinci ma sai an matsa miki.

Na zo da takardata, na zauna gabanki kamar a asibiti, na jero tambayoyi: ko kina barci, ko kina jin ƙunci. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Lafiya lau, jiki ne kawai." Ni kuma da uban karatuna na yarda. Kaico! Wace uwa ce a cikin birni za ta buɗe wa ɗan fari cikinta? An koya mini tambaya, ba a koya mini daga bakin wa za ta fito ba.

Sai na ƙara wauta, na ɗauke ki zuwa gidana a bayan gari, wai ki huta. Ɗaki mai sanyi, magani kan lokaci, ƙofa a rufe. Na raba ki da maƙwabciyarki Yagana, wadda kuka tsufa kuna ƙulli a tabarma ɗaya.

Da kika rasu, ranar sadakar uku Yagana ta ja ni gefe. Ta ce duk sanda ta samu zuwa, sai ki riƙe hannunta ki yi ta kuka, kina cewa, "Ɗan nan yana ƙoƙari, kar ki gaya masa, zai ji ba daɗi." Kina narkewa, amma ni kike tausayi. Wallahi har yau abin yana cina.

Yanzu ina ba da magani, amma kafin in ɗauki biro sai na ji da wa mutum yake cin abinci, wace sana'a ya ajiye, wa yake iya yi wa kuka. In na ji sunan, aikawa nake a kira shi. Ɗalibaina suna tambayata a wane littafi na karanta haka, sai in sauya zance.

Yadin nan yana wurina, rabi a ƙulle. Yagana ta nemi ta ƙarasa, na kasa ba ta.

Ki yafe mini, Inna. Allah ya jiƙanki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna, ya ba ki maƙwabta na gari.

Naki har abada,
Ɗan nan