Zanen Baba a Wayar Barira

Talata Mafara

Barira,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina maigidanki da yara? Tunda an yanke sabis ɗin waya, ga takarda ta hannun Dikko direba.

Na je Bakura gaida Inna, na tarar ba a zancen kowa sai ke. Wai kin sa wayarki tana kwaikwayon tsohuwar kwamfutar Baba, har manhajarshi ta zanen wuyan riga, wadda ta ƙi buɗewa a sababbin kwamfutoci, ta buɗe miki. Inna har da hawaye, wai "Barira ta tado hannun Malam." To madalla! Ni da na tsufa a gindin keken ɗinkinshi, ni ne baƙo? Wallahi abin ya ci mini rai. Shagon Baba yanzu nawa ne, zane kuma na shago ne. Ki aiko wayar.

Yayanki,
Jafaru

Maradun

Yaya Jafaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina aiki?

Haba Yaya! Da kwamfutar ta mutu, kai ka ce a ba 'yan gwangwan. Ni na roƙi a kwafe mini abin da ke cikinta kafin a ɗauka, ka yi dariya ka ce, "Mata da son tarkace!" Ban yi don a yabe ni ba, kewar Baba ce. Ga wayar nan ta hannun Dikko. Buɗe zanen yana da 'yar hanya, ka bari in zo in nuna maka. Don Allah kar ka ba kowa.

Ƙanwarka,
Barira

Talata Mafara

Barira,

Sallama da gaisuwa.

Na danna, baƙin allo kawai na gani da rubutun Turanci. Na ce ni Jafaru, ƙanwata ta zaunar da ni ta koya mini aikin ubana? Sai na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya ce ƙwayar cuta ce, ya wanke wayar tas. Inna lillahi! Babu zane ko ɗaya. Kar Inna ta ji tukuna.

Jafaru

Maradun

Yaya,

Ina gaisuwa. Na san halinka, shi ya sa na ajiye wani kwafi. Wannan karon ba zan ba Dikko ba. Ka zo da ƙafarka, na shimfiɗa maka tabarma.

Ka huta lafiya,
Barira