Fuskar Baba a Cikin Ɗigo

Litinin, 6 ga Mayu
Baba ya fita tun bayan sallar asuba, bai dawo ba. Shi da yanzu ko sunansa sai an tuna masa. Na rufe shagon buga hotuna na bi layi-layi har ƙafafuna suka kumbura. Ya Allah, Kai ne Mai tsarewa, ni ba komai ba ce.

Talata, 7 ga Mayu
Hotonsa guda ne a gidan nan, shi ma a inuwa aka ɗauka. Ƙanena ya ce in buga a liƙa a gari.

Firinta ba ta san toka-toka ba, baƙar tawada kawai take da ita. Da ɗigo take yin inuwar fuska, kuma sai na zaɓa mata yadda za ta zuba shi: ko dai manyan ɗigo a jere kamar idon rariya, ko ƙanana a warwatse kamar yashi. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa yarda da na jere ba, domin aikin gaggawa ne. Na zaɓi warwatse. Ya fito har da tabon girarsa. Na ji daɗin kyan aikin, alhali mahaifina yana wani wuri da yunwa. Astagfirullah.

Laraba, 8 ga Mayu
Firintata tana da nawa, don haka ƙanena ya kai guda ɗaya aka yi fotokwafi mai yawa, ya bi gari ya liƙa. Da rana na ga ɗaya a jikin turken lantarki. Ƙananan ɗigon sun haɗe, fuskar ta zama baƙin dunƙule da hula. Wa zai gane wannan?

"Yaya, ba gasar hoto aka sa mu ba," in ji ƙanena. "Ko ni aka nuna wa wannan, cewa zan yi gindin tukunya ne." Ya yi dariya, sannan ya juya baya yana share ido.

Alhamis, 9 ga Mayu
An ce an tsinci wani tsoho a bakin gada. Ba shi ba ne. Na yi hamdala, daga baya na tuna shi ma uban wasu ne.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na zauna gaban na'ura. Manyan ɗigo suna jure fotokwafi, amma tabon girar zai ɓace. Idan tabon ne kaɗai abin da wani zai shaida fa? Sannan dole in ƙara wa fuskar haske, na tsaya ina tuhumar kaina ko canza halitta ne. Na ga dai inuwa nake cirewa, ba Baba ba.

Na buga da na jere. A hannu mummuna ne, kamar an leƙa mutum ta rariya. Na jingina shi a kan kantar shago, na tsallaka titi na waiwaya. Baba ne, har da yadda yake karkatar da kai idan bai ji magana ba. A nan bakin titi na yi kuka, gaban jama'a.

Lahadi, 12 ga Mayu
Wani mai facin taya a bayan tashar mota ya kira. Ya ce daga tsallaken titi ya hango sabuwar takardar da muka liƙa, ya waiwaya ya ga tsohon da yake ba ruwa tun shekaranjiya. Alhamdulillah. Ya rame, takalmi ɗaya ya ɓata.

Talata, 14 ga Mayu
An tarbiyyantar da ni kada in ɗaga ido in kalli mahaifi, kuma ban taɓa saɓawa ba. Yau ina yanke masa farce sai ya ce, "Baiwar Allah, me kike kallo haka?"

Na ce babu komai, Baba. Tabon yana gira ta hagu. Ban sunkuyar da kai ba, wataƙila gajiya ce.