Waƙar niƙan nan ba ta Gwaggo ba ce

Zuwa ga Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya.

Ka aje littafin hannunka ka saurare ni yanzu, don Allah. Tarin nan ya dawo, numfashina ba ya kai ni ko zaure. Malam Iro tela ke rubuta mani. Sunanka shi zai sa a bayan takarda, ka san bakin uwa ba ya kiran ɗan fari.

An ce a makarantar da kake koyarwa kana nuna wa ɗalibai yadda ake feɗe waƙa, a ga inda ta yi nauyi, inda ta yi ɗingishi, da abin da mai ita ta ɓoye. Ni ban san ana yi wa waƙa haka ba.

Da ka zo hutu ka roƙe ni waƙar niƙa, na juya maka baya. Kunya ce, ba ƙi ba. Sai ka tafi Ƙofar Kibo wurin Gwaggonka da ta riƙe ka bayan yaye, ta rera, ka rubuta.

To, tawa ce. Ranar da ta goya ka ta fita da kai daga gidanmu na Kwarbai, ban ko ɗaga kai ba, don idon mutane. Na durƙusa gaban dutse, ina niƙa dawa, waƙar tana fitowa. Gwaggo ta bakina ta ji.

An ce mani shekaranjiya a gidan suna ta ɗaura sabon kallabi tana baza labari. Wai ɗalibanka sun auna waƙar, sun ce ba su taɓa ganin son ɗa irin na mai ita ba. Mata suna ta "Gwaggo, ashe haka kike!" Tana wani murmushi. Ita da baiti biyu ma ta zubar a hanya!

Ba yabon mata ya dame ni ba. Tsorona, abin da ya hau takarda ya zauna, in mutu kai ma kana zaton son nan nata ne.

Ɗana, yaran sun gano gaskiya, sunan ne ba daidai ba. Ka zo, zan rera maka duka, ko ta bayan ƙyaure ne.

Allah ya yi maka albarka, ya sa in gan ka.

Ni ce mahaifiyarka. In ka gyara, kafin ɗaliban su ji, Gwaggo za ka fara gaya wa. Da bakinka, a gabana.