Manuwar Jamus da "Mista Alhaji"

Daren Asabar, Bronx

Ni na kawo kaina ƙasar nan, na koyi Turanci a titi, na buɗe shago a Fordham Road, ba da taimakon kowa ba. Haka ma manuwar nan, ɗan samfurin jirgin ruwan yaƙin Jamus na gabanin yaƙin duniya na farko. Wata bakwai ina sassaƙa ta da katakon akwati, daga hoto kawai.

Yau laburaren unguwa suka saka ta cikin gilashi. Wani tsohon sojan ruwa ya ƙirga bindigoginta, ya jinjina mini. Alhamdu lillahi, har ƙwalla na yi.

Sai dai a katin sunan wanda ya sassaƙa ta sun rubuta "Mista Alhaji". Hajiya ta yi ta dariya: "Maigida, ai duk Alhazan Bronx sun samu yabo!"

Gobe zan koma laburaren. A rubuta Idi Garba Madawa, cikakke.