Bindigar Baba Ta Tafi Gidan Colby

Lewistown, Montana
Ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga yayana Arlen,

Gaisuwa ce daga ƙaninka, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Yvette da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin bayan nan naka, ya kiyaye ku daga guguwar teku da muke jin labarinta can Galveston. Mu nan lafiya lau. Dusar ƙanƙara ta sauko da wuri bana, mun riga mun dawo da shanu kusa da gida. Mama tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke toya burodin coci, kuma har yanzu tana cewa na kowa bai tashi ba sai nata. Ƙanwarmu Marlys ciki ya tsufa, ana sa ran haihuwa bayan Kirsimeti. Baba kuwa kafaɗar da aka yi wa aiki ta warke, sai dai likita ya ce abin da duk zai girgiza ta ya bar shi. To daga nan maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ta faro, don abu ne da ba zan iya faɗa maka a waya ba, matata Darla na tsaye tana ji tana yi mini dariya.

Ka san halin Baba da bindigarsa mai harsashi lamba talatin, wadda muke ce wa talatin. Tun muna yara yake cewa harsashi iri ɗaya ya ishi namiji har ya mutu, daga barewa har elk, ƙatuwar barewar nan ta dutse. Ka kuma san irin tsiyar da na sha a bakinsa duk ranar da na kawo sabuwar bindiga. Ya kan ɗauki harsashin ya juya shi a hannu, ya tambaye ni ko barewar bana ta sa sulke ne da tsohon ba zai huda ta ba. Ban taɓa iya yi masa bayani ba, amma kai za ka gane. Daɗin ba a harbin kaɗai yake ba. Ka buɗe sabon kwali ka ga kwanson yana ƙyalli, ka jera shi kusa da 'yan uwansa, wannan mai dogon wuya, wancan gajere mai ƙiba, kowanne da halinsa. Sai ka share lokacin sanyi a gareji kana auna albarushi, kana neman abin da bindigar take so, har ranar da za ta zuba maka harbi uku a rami ɗaya. Haka na tara bindigogi bakwai, Baba yana kirana mai shagon ƙarfe a gaban mutane.

Da likita ya hana shi talatin, na kai masa ƙaramar tawa wadda ba ta dukan kafaɗa, wadda Darla take harbi da ita. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce shi bai lalace ba har ya kai ga aron bindigar mata. Na mayar da abata gida. Ba a yi wata guda ba sai ga Colby, mijin Marlys, ya zo cin abincin Lahadi da wata sabuwa, mai harsashin nan lamba shida da rabi da samari suke ta yayi. Yaya, mutumin nan shekaru uku da suka wuce bai san ta ina ake ɗura bindiga ba. A birni ya girma, kuma ni na koya masa riƙon ta. Ya ce wa Baba shi dai ya kasa saita madubin hangen da ke kanta, ko Baba zai taimaka ya duba masa. Ka ji wayo. Baba ya tashi yana gunaguni, suka tafi bayan rumbu, na bi su. Ya kwanta ya harba, ya ɗago kai yana shafa kafaɗa yana neman zafin bai samu ba. Ya sake harbawa. Da muka je duba allon, sai ya yi wata dariya da rabon da in ji ta tun kafin a yi masa aiki. Ya juyo ya ce mini, "Wendell, kai da tarkacenka duk, me ya sa ba ka da irin wannan?" Wadda na kai masa fa da wannan, in ka rufe ido ka harba ba za ka bambance su ba.

Tun daga ranar Baba ya tare a garejin Colby. Tsohon da ya ce ɗura harsashi da hannu aikin marasa aikin yi ne, shi ne yanzu zaune da tabarau a ƙarshen hanci yana auna albarushi. A wurin shan kofi na safe kowa ya ji labarin shida da rabi har ya gaji. Duane mai shagon bindigogi ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne an canza mini uba, ya ce in ina so zai nemo mini wani na hannu mai sauƙi. Na yi dariya tare da kowa, amma ban ƙarasa kofin ba na tashi.

Bana Baba ya samu izinin harbin namijin elk a dutsen da muke zuwa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa wataƙila wannan ne hawansa na ƙarshe. Na gyara sirdi, na sa an yi wa dawakai takalmi, ina jiran ya ce mini ranar tafiya. Daga bakin Mama na ji cewa sun tafi shi da Colby, wai Baba ya ce shanu sun yi mini yawa, kada a ɗora mini. A rana ta biyu sai ga waya, Colby ne, cike da murna, wai Baba ya kayar da ƙato da harbi ɗaya, in taimaka in kawo dawakai a sauko da nama. Na je. Na tarar da su zaune a gindin itace suna raba burodi da nama, Baba hula a ƙeya, fuskarsa kamar ta saurayi. Na yi masa barka, kuma har zuciyata na yi, don ganin sa haka ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni na feɗe, ni na ɗaure, ni na ja dawakai a gaba, su biyu suna baya suna maimaita yadda aka yi, kowa na karɓe wa ɗan uwansa magana.

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ya tsaya mini shi ne na ranar bikin godiya. Mun gama cin talotalo, Baba ya shiga ɗaki ya fito da talatin a cikin tsohon gidanta na fata, ya ɗora ta a cinyar Colby. Ya ce tunda shi ya gama da ita, kuma jikansa na hanya, gara ta zauna a gidan da ake bukatar ta. Marlys ta fara hawaye. Ni ban san abin da fuskata ta nuna ba, amma Baba ya dube ni ya ce, "Kai ai kabad ɗin bindigoginka ya cika, ina za ka sa ta?" Kowa ya yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ransa lissafi ne mai sauƙi, wannan yana da bakwai, wancan yana da ɗaya. Abin da bai taɓa lura ba, cikin bakwai ɗin nan babu talatin ko ɗaya. Na sayi wadda ta fi ta, na sayi wadda ba ta kai ta ba, amma ita na tsallake ta da gangan duk shekarun nan, don ina ganin tawa tana nan a ɗakin Baba tana jira.

Washegari na tafi shagon Duane da niyyar in sayi talatin in huce. Yana da wata mai kyau, ta fi ta Baba ƙyalli nesa ba kusa ba. Na ɗora ta a kafaɗa, na ajiye, na sake ɗauka, na ce masa ba ta zauna mini ba. Kwalin harsashinta kawai na saya na fito. Darla ta gan shi a kan tebur ta tambaye ni ko jifa zan riƙa yi da su. Ta ce namiji da furfura a gemu ya tsaya yana ƙyashin mijin ƙanwarsa, maimakon ya buɗe baki ya gaya wa ubansa abin da ke ransa. Gaskiya ta faɗa, amma ka san mu da Baba, maganar shanu da yanayi kaɗai muka iya.

Abin haushin, Colby ba shi da laifin da zan kama. Jiya ya zo har gida da bindigar, ya tsaya a bakin gareji yana murza hula, ya ce yana jin tsoron ta, ko zan zo ranar Asabar in nuna masa yadda Baba yake goge ta da irin harsashin da take so. Na ce zan zo. Da ya miƙo mini ita in duba, hannuna ya faɗa daidai inda na Baba ya cinye fentin, na daɗe ban mayar masa ba har ya fara kallon ƙasa.

Yaya, ba na so ka tayar da maganar nan da Baba. Kyauta ta riga ta fita, kuma ba zan sa Marlys kuka da tsohon ciki ba. Amma na san yakan kira ka ranar Lahadi, kuma kai yana jin maganarka. In shi da kansa ya kawo zancen bindigar, ka tambaye shi kawai ko ya taɓa buɗe kabad ɗina ya duba abin da ke ciki. Kada ka ƙara komai a kai, kuma kada ka ce ni na aiko ka.

Ka gaida Yvette, ka ce Darla ta samu irin barkonon da ta aiko. Ka gaida yara, Nils da Tessa, ka gaya musu in sun zo da bazara dawakai na nan. Mama ta ce ka rage gishiri. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Wendell