Jiya Baba Ya Kushe Miyata

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Kulu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Inna, albishir na zo da shi!

Tun rasuwarki Baba ba ya wuce loma biyu. Mu kuma, wai girmamawa, muka zaunar da shi a ɗaki, muka rataye homarsa ta kamun kifi. Kowa ya zo sai mu ce yana hutawa. Taubashinsa Baba Manu ma sau uku ina mayar da shi daga zaure, don na ga tsokana ba ta dace da gidan makoki ba. Kin sha ce mini, "Hadiza, kin cika tsare mutum."

Da ramar ta tsorata mu, na kai shi Birnin Kebbi wajen wata likita da ke magani da hira. Ta ce ciwon damuwa ne na tsufa. Wai akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da ke jin daɗi idan mutum ya zauna da mutanensa, ciwon nan kuma dusashe shi yake yi. Kada mu jira sai ya ji marmarin mutane. A fara zaman, marmarin zai biyo baya. Ta tambaye ni wa ya fi sa shi dariya. Kunya ta rufe ni. Muna komawa Argungu na je da ƙafata na ba Baba Manu haƙuri.

Mako biyu yana zuwa, Baba bango kawai yake kallo.

Jiya da hantsi sai Baba Manu ya sauko da homar, ya kama ɗinke ta a karkace da gangan, yana cewa, "Ai mai ita dama kwaɗi yake kamawa." Baba ya dubi ƙullin, ya sake duba, ya fizge ta. "Kai da goran iyo ke kayarwa a ruwan gwiwa? Ba ni nan!"

Inna, ya yi dariya! Ina tsaye da ludayi a hannu, hawaye na zuba.

Tare suka cinye tuwon shinkafa kwano guda. Da na zo ɗauka Baba ya ce miyar ba ta kai taki ba. Rabonsa da ambatonki tun ranar jana'iza. Ban taɓa murnar an kushe girkina ba sai jiya.

Likita ta ce da sauran tafiya, ranar Laraba za mu koma. Amma zauren nan ba zan ƙara tsare shi ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya bar mana Baba ya daɗe yana kushe miyata. Amin.

Taki mai kewarki,
Hadiza