Ajiyar Iya Safiyatu

Ga tambaya, mai wayo ya amsa: wace ajiya ce mai ita yake ba ka da hannunsa, sannan ya koma gida yana roƙon Allah kada ka taɓa mayar masa?

Zuwa ga jikana Uwais, tela a Bacirawa, angona marar cefane.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Mu nan gefen Ɗambatta lafiya lau, ruwa yana sauka, gero ya kai gwiwa. Tambayar da ke sama taka ce, ba na son amsar gaggawa.

Jiya na koma gidan surukinka Malam Tahir, inda matarka Rumaisa take wankan jego, na ɗauki takwarata. Yarinyar ba ta fi tafin hannuna biyu ba, numfashinta yana ƙara kamar na 'yar kyanwa. A asibiti an ce ƙirjinta ba ƙwari, kada hayaƙi ya kusance ta, ko wanda ya maƙale a riga. Malam Tahir kuwa a gabana ya faɗa: in arba'in ta cika kana shan sigari, 'yarsa da jikarsa ba za su koma ɗakinka ba. Rumaisa ta ce ka yi alkawari ka daina tun ranar haihuwa. To, na ji.

Amma kada ka kira ni a waya ka ce, "Iya, na daina." Waya ba ta kawo wari. Takarda nake so, kowace ranar kasuwa, ka ba Sama'ilu direba. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, karatuna da sanɗa yake tafiya, amma hancina ya yi jami'a. Sai na sansana kafin in karanta.

Ga wani ɗan ƙunshi na ɗinke da zare baƙi. Ajiya ce. Kada ka buɗe. Ga kuma gurjiya, kullum ka wuni ba ka sha ba ka jefa ƙwaya ɗaya a kwalba.

Allah ya yi maka albarka. Kakarka, Safiyatu.

*

Zuwa ga uwargidana Iya Safiyatu.

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa tare da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ajiya ta iso, na rataye ta a ƙusa saman keken ɗinkina.

Iya, yau gurjiya goma sha uku a kwalba, kuma kowace ɗaya da gumi na same ta. Bayan cin abinci abin ya fi tsanani, sai in ji hannuna yana lalubar aljihu ba da izinina ba. Shekaranjiya na ɗinka wa wani Alhaji aljihun riga a baya. Mudassir, wanda muke shago ɗaya, shi ma shekara biyu ke nan da ya daina. In ya ga na fara huci sai ya ce, "Tashi mu zaga." Mu je bakin titi mu dawo, kafin nan abin ya lafa.

Amsar tambayarki: mura ce? Ki sansana a hankali, kada hancin jami'a ya gaji.

Naki, ango Uwais.

*

Uwais, sannu da ƙoƙari.

Gaisuwa da fatan alheri. Na sansana gaba da baya. Man keke na ji, da ƙosai. Ka ci jarrabawa. Amsarka kuwa ta faɗi ƙasa warwas: wa ya taɓa ɗinke mura a tsumma?

Ka gaishe min da Mudassir, ka ce in na sake aure shi ne. Ga aya da asuwaki, baki ba ya son zaman banza. In abin ya taso ka tauna, ka sha ruwa, ka ƙirga ɗari. Yana zuwa ne kamar hadari, ya yi duhu ya wuce. Kada ka tambaye ni inda na sani.

Kakanka Hashimu, Allah ya jiƙansa, shekara bakwai ina jin tarinsa tun daga gona kafin in ga hularsa. Ba na son takwarata ta san ubanta da tari.

Ka huta lafiya. Iya.

*

Iya, ina gaisuwa.

Komai lafiya. Aiki ne ya yi yawa, shi ya sa takardar ta yi gajarta. A gaida mutanen gida.

Uwais.

*

Zuwa ga Uwais, sabon mai sayar da turare.

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, tun daga zaure ƙamshinta ya riga Sama'ilu shigowa. Layi uku, turare kwalba guda! Angona, tun kana tsumma nake wanke ka, yaushe ka taɓa fesa mini turare? Kuma ba ka faɗi yawan gurjiya ba. Ka sha.

Ba zan kai ƙararka ba. Zauna ka ji nawa.

Shekara arba'in da shida ina cusa garin taba da kanwa a leɓena. Kun ɗauka goro ne ya rina mini haƙora, na bar ku a haka. Ranar da na ɗauki takwarata, na kai bakina zan sumbace ta, sai Rumaisa ta ɗan kau da kai, cikin ladabi. Na dawo gida da kunya. A ranar na daina, ni ma na ajiye ƙoƙon gurjiyata.

Kwana goma na yi ina faɗa da kaji. Rannan na shiga maƙwabta barka, wata tsohuwa ta miƙo mini nata, kafin in tuna da Allah ya shige leɓe. Ɗauko takardata ta biyu ka duba: kusurwar ƙasa a yanke take. Yatsana ne ya bar shaida, na sa almakashi. Kai turare, ni almakashi. Jini ɗaya ne.

Na juye ƙoƙona, na fara daga ɗaya. Yau ma zan sake juyewa don mu tashi tare, kada ka ce na yi maka rata. Kai ma juye. Abu ɗaya ya rage, kuma ba zan yi maka shi ba: Malam Tahir yana zaton lissafinka na nan daidai. In ka yi shiru, za a kawo maka yarinyar ranar arba'in, hancina ne kaɗai ya sani. Ka zaɓa.

Allah ya ba mu iko. Abokiyar faɗuwarka, Safiyatu.

*

Zuwa ga Iya.

Ina gaisuwa da girmamawa. Na duba kusurwar. Na yi dariya har Mudassir ya ce ko aljanu ne, daga baya kuma na kasa ɗinki.

Kara biyu na sha, ranar ashirin da ɗaya da haihuwa, a wurin ɗaurin auren wani aboki. Na faɗa wa Mudassir, ya ce shi sau uku ya faɗi kafin ya tsaya.

Ranar Juma'a na je na durƙusa gaban Baba Malam Tahir na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Arba'in ɗin Rumaisa daban, taka daban. In taka ta cika ka zo ka ɗauki iyalinka." Ƙarin sati uku ke nan, Iya. Rumaisa ta yi kuka, sannan ta ce gara haka. Na riƙe takwararki, ta kama yatsana ta ƙi saki.

Na wanke labule, na shanya katifa, na sake fentin ɗaki. Ga wani ƙunshi na ɗinke, ɗinkin tela ba irin naki ba. Ajiya ce. Kada ki buɗe. Daga yau ni ma zan riƙa duba kusurwa huɗu.

Gurjiya tara. Ke nawa?

Naki har kullum, Uwais.

*

Angona Uwais,

Salamu alaikum. Takardarka ta jiya fenti take wari, da sabulu. Arba'in cif, ni ma haka, ƙirga kusurwoyina ka gani. Malam Tahir ya ce gobe bayan azahar. Ni zan rako su, takwarata a bayana. Yau na sumbace ta, uwarta ba ta kau da kai ba.

Ƙunshinka na jefa shi a tsohuwar rijiyar da ake cikewa a bayan gida. Nawa kuma ka nema masa rami, kada in tarar da shi a ƙusa.

Sai na zo. Ka tanadi cefane, ko sau ɗaya a rayuwarka. Iya Safiyatu.

Amsar tambaya: battar tabata ce a ƙunshina, da laitarka ta kunna sigari a naka.